Kafin Ka Hau Tingilin, Fara Da Gindinsa

A wannan wata za mu tattauna ne a kan keken nan mai manyan tayoyi da giya barkatai, wanda matasanmu na Garwa suke kira da sunansa na Faransanci, VTT, watau keken da ke shiga ko'ina. Dalili kuwa shi ne, a zangon karatun da ya wuce wani ɗalibinmu ya shafe makonni ba ya zuwa aji. Da muka je duba shi, sai muka tarar da hannunsa a ɗaure. Ashe yayansa ne ya sayo masa keken na gwanjo, kwana uku da samu ya nufi Dutsen Tingilin tare da abokansa. Hawan bai gagare shi ba, don turawa ya yi. A gangarowa ne ya danne birkin gaba, keken ya tsaya, shi kuwa ya wuce. Mahaifinsa ya rantse an gama hawan keke a gidansa.

To, mu dai a ganinmu hanyar da yaron ya zaɓa ita ce ta kayar da shi, keken bai yi laifin komai ba. An ƙirƙiro irin wannan keke ne a jihar Kalifoniya ta Amurka cikin shekarun 1970, kuma tun 1996 ake tseren sa a wasannin Olamfik. A ƙasashen Turai da Amurka akwai turbobin da aka tanada dominsa, an kafa musu alamu masu launi, wannan ta ɗan koyo, waccan ta gwani. Mu a nan sai mutum ya nemo tasa da kansa. Tambayar ita ce, yaya ake gane mai sauƙi?

Amsar tana gabanmu kullum. Ku dubi masu kawo itace da gawayi cikin gari da sassafe. Kekensu ba shi da giya ko ɗaya, ga kaya har ya fi mai keken tsawo, amma suna zuwa suna komawa lafiya. Shekaru sun koya musu inda tudu ya kwanta da inda yashi yake riƙe taya. Duk turbar da ka ga sawun tayarsu a kai, ta ɗan koyo ce. Wadda kuwa ba ka ga komai ba sai kashin awaki, bar wa awakin abarsu tukuna. Matambayi ba ya ɓata: tsaya wurin mai faci na bakin ƙauye ka tambaye shi, domin ba wanda ya fi shi sanin hanyar da ke cin taya.

Na biyu, ƙasarmu ƙasar auduga ce. Kamfanin SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 kuma hedkwatarsa take nan Garwa, yana kwaso auduga daga ƙauyuka da manyan motoci. Hanyar da mota mai lodi za ta bi dole ta kasance mai faɗi, hawanta kuma a hankali. Waɗannan hanyoyin burji su ne ajin farko na mai koyo. Sai dai a yi hattara lokacin kakar sayen auduga, idan an hango ƙurar mota a sauka gefe.

Na uku, wanda bai manta darasin labarin ƙasa ba zai amfana. A taswirar da ke cikin wayar hannu akwai layukan da ke nuna tsayin ƙasa. Inda suka matsu da juna, wurin a miƙe yake. Inda suka yi nesa da juna, a kwance yake. Ɗan koyo ya nemi hanyar da ba ta tashi fiye da mita 5 a cikin kowace mita 100. In babu taswira, ga ma'auni mai sauƙi: muddin kana taka feda kana iya hira da abokin tafiyarka, kana kan hanyarka. Da zarar numfashi ya hana ka magana, ka wuce ajinka.

Ina za a fara? A fara da gindin Tingilin ɗin kansa, cikin hanyoyin gonaki ta wajen Pitowa, wadda ba ta wuce kilomita 15 daga Garwa ba. A rage bin kwalta gwargwadon iko, domin ita ce babbar hanyar Marwa da Chadi, cike take da tireloli, ballantana ranar Lahadi da kasuwar Pitowa take ci. Wanda ya yi wata guda a nan, yana iya ɗora kekensa a mota zuwa Lagdo, inda aka kammala madatsar ruwa a kan kogin Binuwai a 1982. Ƙasan madatsar akwai filayen shinkafa masu hanyoyi a shimfiɗe, kewaye kuma da ƙananan duwatsu da mutum zai gwada ɗan hawa da ɗan gangara. Kada dai a matsa bakin ruwa, akwai dorina. Kwazazzabon Kola da ke kusa da Gidar wurin kallo ne da rani, amma a jingine keke a shiga da ƙafa. Duwatsun Alantika da na Mandara kuwa, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Na gwanaye ne, kuma ba a dosar su sai an ji ta bakin hukuma game da tsaro.

Lokaci ma yana sauya hanya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙasa ta bushe, ga sanyin hunturu. A Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40, wanda zai fita ya fita bayan asuba, ya dawo kafin hantsi ya dubi ludayi. Da damina kuwa baƙar laka tana cushewa tsakanin taya da ƙarfe, rafin da ka ƙetare a bushe da safe yana iya cika kafin la'asar.

Guzurin tafiya ba shi da yawa: hular kwano, ruwa aƙalla lita 2, famfo da kayan faci saboda tsidau da ƙaya. A fita mutum biyu ko uku, a faɗa wa na gida inda aka nufa. In an shiga ƙauye a gai da jauro, kada a ratsa gonar mutane, in an haɗu da garken shanu a burtali a sauka a ba su hanya. A gangara a ja jiki baya, a kama birki biyu tare a hankali. Inda zuciya ta yi ɗar, a sauka a tura, babu abin kunya.

Iyaye kuma muna roƙonku, maimakon kulle keken a ɗaki, ku raka yaran fitar farko. Ɗalibin namu ya warke, mun kuma shawo kan mahaifinsa. Asabar ɗin da ta wuce mun fita tare, muka bi bayan wani dattijo mai itace har bakin ƙauyensu, muka dawo ba wanda ya ko ƙuje.

Allah ya kiyaye mana hanya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.