Ɗakin Goggo da Rumbun Baba: Ina Ajiya Ta Tsaya, Ina Tarkace Ya Fara?

Bayan girbin bara na je gaishe da wata goggona a ƙauyensu, arewa da Mayahi. Ta ce in shigo daga ciki, sai na rasa inda zan sa ƙafa. Bayan ƙofa buhunan leda ne har uku, ga gwangwanayen tumatir da na madara, ga jarkoki marasa murfi, ga takalman roba ƙafa ɗaiɗai, ga tsummoki ƙulli-ƙulli, ga wata rediyo da ta daina magana tun zamanin Tanja. Kaya sun cinye gadon, ita kuwa a kan tabarma take kwana, dab da bakin ƙofa. Jikarta ta ɗauki wani hudajjen kwano za ta fita da shi, sai Goggo ta zabura, muryarta na rawa, ta ce a ajiye mata. Na ce, "Goggo, ai wannan kwanon ya gama aikinsa." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, lokacin El Buhari kana goye, me ka sani?"

Wannan amsa ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, kuma ita ta sa na ɗauki alƙalami. Daga Tasawa zuwa Mayahi, daga Urafan zuwa Kanambakashe, da wuya ka sami zuri'ar da ba ta da irin wannan ɗaki. Mu ƴaƴa da jikoki ɗayan biyu muke yi: ko mu kau da kai mu ce halin tsufa ne, ko mu jira ranar da mai ɗakin ta tafi biki mu kwashe komai mu cinna masa wuta. Ina ganin duka biyun kuskure ne. Wanda ya tara kaya har suka kore shi daga gadonsa tsoro ne ke riƙe da shi, kuma tsintsiya ba ta share tsoro.

Mu fara da yi wa iyayenmu adalci. Wannan ƙasa ta koya musu ajiya da bulala. Kakanninsu sun ba su labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Su da kansu sun ga farin 1973 da 1974, wanda ya ƙarar da dabbobi, ana cikinsa sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani. Sun ga yunwar 1984 zuwa 1985, wadda aka laƙaba wa sunan El Buhari saboda ta zo daidai da lokacin da Janar Buhari ya rufe iyakokin Najeriya, hatsi da kayan masarufi suka daina shigowa. A 2005, bayan ƙarancin ruwa da farin dango, jihar Maraɗi ce ta cika da cibiyoyin jinyar yara masu tamowa. Ko kwanan nan, a 2023, an sake rufe iyaka, kowa ya ga yadda farashin kaya ya tashi cikin ƴan makonni. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Matar da ta taɓa sayar da kwanukan aurenta don ta sayi tiyar gero ba za ta ga hudajjen kwano ta kira shi shara ba.

Kuma yawancin ajiyarmu hikima ce. Rumbun da ke kai gida daga kaka zuwa wata kakar shi ne bankin manomi. Buhun nan mai ninki uku da aka yaɗa a yankinmu don adana wake ba tare da magani ba ya ba mutane damar riƙe amfanin gona har farashi ya gyaru. Kwanuka da tasoshin da ke jere a ɗakin amarya, waɗanda baƙo zai ɗauka ado ne kawai, dukiya ce da mace ke iya sayarwa ranar da ta shiga matsi. Wata masaniyar tarihi, Barbara Cooper, ta yi bayanin matsayin kayan ɗaki a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi. Shi ya sa shawarwarin da ke yawo a intanet, irin na Marie Kondo ta Japan da ke cewa mutum ya rabu da duk abin da ba ya faranta masa rai, ba su dace da mu kai tsaye ba. An tsara su ne don mutanen da kanti ke bayan gidansu, albashi kuma na shigowa kowane wata. A wurinmu igiyar guga ba ta faranta ran kowa, amma ranar da ta tsinke za a san darajarta.

To ina iyakar take? Ajiya tana da lokaci, tana da ma'auni, tana da ranar buɗewa. Mai rumbu ya san damin da ya zuba, ya san watan da zai fara ɗiba, kuma ranar girbi ya fitar da zakka, kashi ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi. Tarkace ba ya da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mai shi bai san abin da ke ƙarƙashin tulin ba, ba ya amfani da shi, ba ya iya ba wa mabuƙaci, kuma in aka taɓa sai gabansa ya faɗi.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan hali. Ƙungiyar likitocin tabin hankali ta Amurka ta ware shi a matsayin lalura mai zaman kanta a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi a sabon kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022. Alamomin da suke dubawa a fili suke: mutum ya kasa rabuwa da kaya ko da ba su da wani amfani, tunanin rabuwa da su ya jefa shi cikin matsanancin damuwa, kayan su cika wurin zama har a kasa amfani da gado ko madafa ko hanyar wucewa. Sun kuma lura cewa halin yakan fara tun ana matashi, ya riƙa ƙaruwa da shekaru, sau da yawa ya tsananta bayan wani babban rashi. Ba talauci kaɗai ke kawo shi ba. A birnin New York, a 1947, an tsinci gawar wasu ƴan'uwa biyu ƴan gidan masu hali, Homer da Langley Collyer, a cikin gidansu, aka kwashe kaya sama da tan 100. Ɗayansu tulin kayan ne ya rufto masa. Ba kowace tsohuwa mai tara leda ke da wannan lalura ba, kuma ba aikin malamin makaranta ba ne ya yanke wa mutum hukuncin ciwo. Amfanin sanin shi ne mu daina kiran abin rowa ko ƙazanta ko taurin kai.

Duk da haka tausayi ba zai sa mu rufe ido ga haɗarin ba, domin yara ne ke fara kwasarsa. Tulin tsumma da kwali maɓoyar kunama ce da ɓera da maciji. Gwangwani da tsohuwar taya suna tara ruwa da damina, sauro ya samu wurin haihuwa. Tsofaffin magungunan da wa'adinsu ya wuce suna nan cikin leda inda hannun yaro ke kaiwa. Kwalbar maganin feshi da aka wanke aka zuba mata mai ko ruwa guba ce. Ƙwayar maganin ƙwarin hatsi da ake ajiyewa a ɗakin kwana tana fitar da iskar da ke iya kashe mutum a rufaffen ɗaki. Ga jarkar fetur kusa da murhu. Mu mutanen jihar Maraɗi ba ma buƙatar a gaya mana saurin wuta: a watan Nuwamban 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makarantar firamare a birnin Maraɗi, yara sama da 20 suka rasu. Wancan bala'i ba tarkace ya jawo shi ba, amma ya nuna mana cewa in wuta ta tashi, tsakanin rai da mutuwa hanyar fita ce. Duk ɗakin da ƙofarsa ba ta buɗuwa gaba ɗaya saboda kaya, tarko ne.

Akwai kuma asarar da malamai suka fi kowa sani. Lokacin rajistar jarrabawar BEPC ya zo, a ce yaro ya kawo takardar haihuwa, uba ya rantse tana gida. A zazzage buhu biyar na takardu, a same ta gara ta cinye rabinta, ko a rasa ta sam. Gidan da ke ajiye komai shi ne gidan da ke ɓatar da abu mafi muhimmanci.

Me ya sa na ce kada a kwashe da ƙarfi? Saboda masu jinyar wannan lalura sun ga cewa in aka share ɗakin mutum ba da yardarsa ba, yakan sake cika shi, kuma wannan karon ya daina yarda da kowa. Ka tabbatar masa da abin da yake tsoro ke nan: cewa abin hannunsa na iya ɓacewa dare ɗaya. A al'adarmu ma cin fuska ne suruka ko jika ya zubar da kayan tsohuwa a gaban maƙwabta.

Dabarar da ta fi dacewa tana gonakinmu. Manoman yankin nan sun yi suna a duniya da sassaben zamani: maimakon a sare duk tsiron da ya fito daga kututture, sai a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bar su, a datse sauran don waɗanda aka bari su zama itace. Da haka gawo da kalgo suka dawo gonakin da suka zama fili a shekarun fari. Manomin ne da kansa ke zaɓar reshen da zai bari. Haka ya kamata a yi da ɗaki: mai kayan ne zai zaɓa, mu namu taimako.

A fara da abin da ke iya kisa, domin a kansa ba a jayayya: fetur, maganin ƙwari, tsofaffin magunguna, sannan a buɗe hanya daga shimfiɗa zuwa ƙofa. Bayan haka a ɗauki kusurwa ɗaya ko buhu ɗaya a yini, kada a ce sai an gama ɗaki. Kowane abu a yi masa tambaya guda: daga girbin bara zuwa na bana, an yi amfani da shi? In an yi, ya zauna. In ba a yi ba, wa ke buƙatarsa yau? Na lura tsofaffinmu da ba sa iya zubarwa suna iya bayarwa. Ka ce "mu jefar", a yi faɗa. Ka ce "Inna, almajiran gidan Malam ba su da abin rufa, ga sanyi ya shigo", sai ka ga ta kwance ƙullin da hannunta. Ƙarafa da tsohon alminiyam kuma suna da masu saye, maƙera da masu zubin tukwane na nemansu. Kuɗin a damƙa wa mai kayan. Abin da ya rage na shara a kai shi inda ya dace, kada a tura shi lungu ya toshe hanyar ruwa, kada kuma a bar leda inda awaki za su ci. Takardun haihuwa, na gona da na makaranta a sa su cikin leda mai kauri, a rufe a akwatin ƙarfe guda, kowa a gidan ya san inda yake.

Kayan mamaci sai an bi a hankali. Ɗakuna da yawa sun cika ne tun ranar da aka yi rashi aka kasa taɓa komai. Jinkirta rabon gado na ƙara wa wannan nauyi, ga haƙƙin magada da ke rataye. A bar wa gwauruwa ko uwa abu ɗaya ko biyu na tunawa, sauran a raba yadda shari'a ta tsara. In kuwa aka ga damuwar ta kai ga rashin barci, yawan kuka, ko ƙin barin kowa ya shiga ɗaki, to a raka mutum asibiti a yi wa ma'aikacin lafiya bayani, kamar yadda za a yi da hawan jini.

Malamai, namu aikin ya fi na kowa sauƙi, domin yaran suna hannunmu tun halin bai kafu ba. Amma mu fara duba ma'ajiyar makarantunmu: karyayyun tebura da suka shekara biyar suna jiran kafinta, littattafan tsohon tsarin karatu da gara ke ci, alhali yara na zaune a ƙasa. A gyara mai gyaruwa, a raba mai rabuwa. A ƙarshen kowane zango a ba yara rabin sa'a su zazzage jakunkunansu, kowa ya ware abin da zai riƙe, abin da zai ba ƙanensa, da abin da ya ƙare. Yaron da aka ga yana cika jaka da murafan kwalba da guntayen takarda, yana kuka in an taɓa, kada a yi masa dariya a gaban aji. A tambayi abin da ke faruwa a gidansu.

Na san wani zai ce wannan maganar masu ƙoshi ce, talaka me yake da shi da zai zubar? Amsata ita ce talaka ne ya fi buƙatar ɗakinsa. Mai gida mai ɗaki goma zai iya ba tarkace ɗaya ya kulle. Mai ɗaki ɗaya da ƴaƴa shida, duk taƙin da buhun leda ya ci, daga wurin kwanan yaro aka ɗebe shi.

Goggo dai ba mu gama da ɗakinta ba, kuma ban sa ran za mu gama bana. Zuwa uku na yi. Ta ba da tsummokin, ta sayar da jarkoki huɗu, ta koma kwana a kan gadonta. Hudajjen kwanon yana nan, ta ce da shi ta auna geron taimako a shekarar El Buhari. Na ce, "Goggo, wannan kam a bar shi." Allah ya ba iyayenmu kwanciyar hankali, ya ba mu haƙurin zama da su.