Haƙƙin Wanda Ba Ya Iya Gudu

Idan gobara ta tashi a kasuwa, Allah Ya kiyaye, mai lafiya yakan tsira da ransa ko da dukiyarsa ta halaka. Amma idan ta tashi a ɗakin majinyata, inda tsoho yake kwance ba ya iya ɗaga ƙafa, ga mai jego, ga wanda aka ɗaura wa ƙarin ruwa, to ba mai kuɓuta sai wanda aka yi tunaninsa tun ranar da aka haƙa harsashin ginin.

Haƙiƙa mu a Mubi ba mu saba kai iyaye gidan tsofaffi ba, alhamdu lillahi, amma asibitocinmu, manya da ƙanana, su ne matattarar raunana daga Maiha da Michika da Madagali, har daga Kamaru. Lalle ne mu tambaya, ɗaki nawa ne yake da ƙofa biyu masu buɗewa waje, waɗanda gadon majinyaci zai iya wucewa ta cikinsu? Domin ƙarafan da muke girkewa a taga saboda ɓarawo, da kwaɗon da muke garƙamawa da dare, su ne kan hana fita ranar musiba, balle da hunturu, sa'ad da iska take kaɗawa, ana kwana da kaskon wuta, man janareta kuma yana ajiye a lungu.

Izina ba ta yi mana nisa ba. A watan Mayu na 2022 jarirai 11 suka rasu a gobarar wani asibiti a Tiwawan ta ƙasar Senegal, sanadiyyar lalacewar wayar lantarki. Ƙa'ida kuwa ba mu rasa ta ba, tun da Najeriya ta fitar da ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006; abin da ya rage shi ne zartarwa.

Saboda haka muna kira ga hukumomin Jihar Adamawa, kada a ba wani asibiti izinin kwantar da mutane sai ma'aikatan kashe gobara sun duba wayoyinsa da ƙofofinsa, sun kuma koya wa masu aikin dare yadda za su fitar da wanda ba ya tafiya. Malamai sun lissafa kiyaye rai cikin larurai biyar da shari'a ta zo domin tsare su, tawakkali kuma ba ya inganta sai an riƙi sababi. Wanda ya karɓi majinyaci ya karɓi amana, kuma za a tambaye shi ita ranar hisabi.