A Fara da Siririn Littafi

Ma'aikacin da ya shekara goma bai karanta komai ba sai takardun ofis da saƙonnin WhatsApp, kuskurensa idan ya tashi komawa karatu shi ne ya ɗauko ƙaton littafin Turanci don kunya. A shafi na talatin zai ajiye.

Gara ya nemi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga littattafan gasar 1933 da Rupert East ya shirya. Siriri ne, dare biyu sun ishe shi. Da yawa sun karanta shi a sakandare don jarrabawa kawai, suka haddace sunaye. Amma uwar da ta ratsa Sahara neman ɗanta, har ita ma ta faɗa bauta, sai wanda ya haifa yake jin nauyinta.