Kada Ku Sayar da Kwabon Iyayenku a Sikeli

Jama'ar Lajawa, ku saurara. Mun ga 'yan gwangwan suna bin gida-gida suna sayen tsofaffin kwabbai a sikeli, a haɗa su da fasasshiyar tukunya a kai a narke. Mu kuwa muka ce assha!

Ku dubi kwabon nan da kyau. A 1959, shekara guda kafin mulkin kai, Babban Bankin Nijeriya ya fito da shi: jan ƙarfe ne, da huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida. Shi da ɗari, da taro, da sisi, da sule, su iyayenmu suka riƙa ƙullewa a bakin zane bayan sun sayar da gyaɗa. Su kuma aka riƙa karɓewa da sunan haraji da jangali, wanda ya kasa biya a shanya shi a rana. Ba a soke waɗannan ba a Jihar Kano sai a 1979, zamanin Abubakar Rimi.

Ran 1 ga Janairu, 1973, aka kawo naira, aka ce kwabo ɗari ne naira guda. A lokacin naira ta fi dalar Amurka daraja. A 2024 kuwa dala guda ta haura naira 1,500. To, ina kwabo? Wace mai ƙosai za ta karɓe shi ran Juma'a a kasuwar Wudil? Ko almajiri ba ya sunkuya masa.

Shin talaka ne ya kashe kwabo? A'a. Manomi bai fasa noma ba, ɗan kasuwa bai fasa sammako ba. Waɗanda aka ba riƙon baitulmali, soja da farar hula, su suka ci bashi, suka buga takarda, gumin talaka ya zama iska. Sun fi so a manta.

Don haka muke roƙonku, kowane gida ya tattara nasa. A zare su a igiya, a rubuta shekararsu, a nuna wa yara. Ran da mai neman ƙuri'a ya zo da taliya da sabulu, ku ajiye masa kwabo a tafin hannu, ku tambaye shi: wa ya kashe wannan?

Ɓarawo ba ya son shaida. Kada mu narkar masa da ita da hannunmu.