Tsinken Ashana da Tsinken Likita

Mu da muka tashi a Kura da Bunkure mun san abin da ake yi idan ciwon haƙori ya hana yaro barci: a naɗe auduga a tsinken ashana, a tsoma a man kanumfari, a cusa a kogon haƙorin. Wasu har ruwan batir suke ɗigawa, alhali asid ne mai ƙona dasashi.

Likitan haƙori ma da ɗan tsinke yake aiki. Nasa na roba ne, kansa kamar ƙwayar gero, yana ɗaukar ɗigon magani ya kai shi daidai inda ya ruɓe. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka wani ruwan magani mai azurfa da fuloraid cikin jerin muhimman magunguna. Da wannan tsinke ake shafa shi, ba allura, ba cirewa. Yana tsayar da ruɓewa, sai dai wurin yakan yi baƙi.

Bambancin tsinkayen biyu shi ne awo da tsafta. Likita ya san yawan ɗigon, kuma tsinkensa na mutum ɗaya ne, daga nan sai shara.

Idan aka girbe shinkafa a Kadawa, kuɗin ƙwadago kan tafi a alawa da lemon kwalba. Mu sa ƙannenmu goge baki safe da dare da man goge baki mai fuloraid. In kogo ya bayyana, a nufi asibiti tun kunci bai kumbura ba.