Sunan Gambo Sawaba yana jikin asibiti, aikinta fa?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da matan Arewa da siyasa.

Duk wanda ya san Zariya ya san asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Mata na zuwa awo, suna haihuwa, suna kai yara rigakafi. Amma ka tsayar da wata budurwa a bakin ƙofar ka tambaye ta wace ce mai sunan, da wuya ta wuce ce maka wata 'yar siyasa ce ta da. Wannan yana yi mini ciwo, domin ƙuri'ar da yarinyar nan za ta jefa, da jikin matar nan aka biya kuɗinta.

An haife ta a 1933, sunanta na yanka Hajaratu, aka yi mata laƙabi da Gambo saboda ta biyo tagwaye. Ba ta yi nisa a makarantar boko ba, ta tashi marainiya, aka yi mata aure tana 'yar shekara 13. Tana da shekara 17 ta shiga jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano, a zamanin da ko namiji mai gemu sai ya waiga hagu da dama kafin ya furta sunan jam'iyyar, tunda 'yan doka da kotu da gidan yari duk suna hannun En'e. Ita kuwa sai ta riƙa shiga gidajen kulle, inda ba namijin da zai taka, tana zama da mata a tsakar gida tana yi musu bayanin haƙƙinsu. Ta tafi har Abekuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti don ta ga yadda matan can suka haɗa kansu. A Kano aka kama ta, aka ɗaure ta, aka kuma hana ta zama a garin. Masu tarihi sun ƙirga ɗaurin da aka yi mata har sau 16. Ta sha duka, ta sha zagi irin wanda ba ya rubutuwa a jarida, kuma duk ranar da ta fito sai ta koma kan aikin da aka kama ta a kansa.

Babban abin da take nema shi ne a bar mace ta yi zaɓe. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa suna gida. Sai a 1976 aka ba su wannan dama, suka kuma fito babban zaɓe na farko a 1979. Allah ya nuna mata wannan da idonta kafin ta rasu a 2001.

To, ya Edita, me muka yi da abin da ta bar mana? Ka je kowace rumfar zaɓe a unguwanninmu ka gani. Tun bayan sallar asuba mata suke jeruwa, goyo a baya, katin zaɓe a ƙulle a gefen zane, wata ta bar kaskon ƙosanta, wata ta bar injin markaɗenta, rana ta buɗe a kansu ba su motsa ba. Lokacin kamfen su ne masu anko, su ne masu guɗa, su ne ake bi gida gida da atamfa da sabulu da taliya. Da an gama ƙirga sai a rufe ƙofa. Majalisar Dattawan da aka zaɓa a 2023 tana da kujeru 109, huɗu kacal ne na mata, kuma a cikinsu babu ko ɗaya daga Arewa maso Yamma ko Arewa maso Gabas. Har yau ba jihar da ta taɓa zaɓar mace gwamna a Najeriya.

Za a ce ai ba wanda ya hana su tsayawa, har ma jam'iyyu suna yafe musu kuɗin fom. Wanda ya san harkar ya san fom ba shi ne tsadar ba, tsadar tana wurin daliget. Sannan taron da ake yanke wanda za a ba takara, da tsakar dare ake yinsa a ɗakin otal, kuma matar da ta halarta, kafin gari ya waye an ɓata mata suna a gari. In ta yi aure a wata jiha, can a ce ba 'yar asalin wurin ba ce, a gidan ubanta kuma a ce ai ta tafi. A watan Maris na 2022 an kawo ƙudurori biyar gaban Majalisar Tarayya don gyara irin waɗannan, ciki har da na ware wa mata kujeru da na asalin jihar miji, aka yi watsi da su, mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisar. Maƙwabtanmu Nijar kuwa tun shekarar 2000 suka yi dokar ware wa mata kaso a muƙaman zaɓe da na naɗi, kuma addininmu ɗaya da su.

Na ambaci addini ne domin da shi ake yawan rufe mana baki. Ni dai na san Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo ta naɗa jajoji, ta ɗora musu malfa, ta tura su ƙauyuka suna karantar da mata, kuma malamai da sarakunan zamaninta suna neman shawararta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake yabon haƙurin mata. A layinmu akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar. Da suyar awara da adashi ta biya kuɗin jarrabawar babbar 'yarta, yanzu yarinyar ungozoma ce. Kowa na cewa jaruma ce, kuma gaskiya ne. Amma ranar da ake shawarar inda za a haƙa rijiyar burtsatse a unguwar, ba wanda ya kira ta, alhali ita da 'ya'yanta ne suke ɗaukar jarka.

Roƙona ga jaridarku shi ne, duk ranar da maganar kujerun mata ta sake zuwa gaban majalisa, ku buga mana sunan kowane wakili da ɓangaren da ya zaɓa, mu riƙe har ranar da zai dawo neman ƙuri'a. Ku kuma tura wakilinku Sabon Garin Zariya ya nemi tsofaffin da suka yi zamani da Hajiya Gambo, ya naɗi muryarsu tun suna da rai, domin kullum raguwa suke yi.



Taku mai karatu,
Wata malamar makaranta, daga Zariya