Jarumar da ba ta ɗaga murya ba, da abin da ke wuce masu kallo

A cikin fim ɗin Timbuktu, wanda Abderrahmane Sissako ɗan ƙasar Muritaniya ya fitar a 2014, akwai wata fitowa da ba ta wuce ƴan mintuna ba. Satima tana zaune a bakin tantinta cikin rairayi tana wanke gashin kanta, ƴarta Toya na kusa da ita. Sai ga mota ta tsaya. Abdelkerim, ɗaya daga cikin manyan ƴan bindigar da suka ƙwace garin, ya sauko tare da direbansa mai yi masa tafinta. Ya san mijinta Kidane ba ya gida, don dama sai ba ya nan yake zuwa. Ya sa aka gaya mata ta rufe kanta.

Wanda ya saba da finafinan da ake kallo kullum a waya ya san abin da zai biyo baya: ko matar ta zabura ta ruga ciki tana kuka, ko ta miƙe ta kama ƙugu ta zazzaga masa masifa. Satima ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ci gaba da abin da take yi. Da muryar da za ta tambayi kuɗin albasa a kasuwa ta ba shi amsa, ta nuna masa cewa wanda abu bai yi masa ba sai ya kau da idonsa, kuma mutumin kirki ba ya zuwa wurin matar aure mijinta ba ya nan. Shi ke da bindiga, shi ke da mota, amma shi ya bar wurin da kunya.

Wadda ta taka wannan rawa ita ce Toulou Kiki, Buzuwa ƴar Nijar da aka fi sani da waƙa. Fim ɗin ya shiga gasar Cannes a 2014, ya lashe kyautar César har bakwai a Faransa a 2015, ya kuma kai sahun ƙarshe na finafinan ƙasashen waje a gasar Oscar. Duk da haka, a fadojin matasa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, inda ake kwana ana gardamar wace jaruma ce ta fi, da wuya a ji sunanta. Laifin ba na rashin talla kaɗai ba ne. Ma'aunin da yawancin masu kallo ke auna jaruma da shi ba ya iya kama irin aikin da ta yi.

Ma'aunin nan kowa ya san shi. Jaruma ta iya in hawaye ya zubo mata sharaf-sharaf, in ta iya zagin kishiya har jijiyar wuya ta tashi, in ta faɗi sumammiya da jin mugun labari. Bayan haka sai kyan fuska, sai tsadar leshi, sai yawan mabiya a TikTok da Instagram. Kuka da faɗa suna da wurinsu a wasa, kuma yin su yadda za su ratsa mutum ba ƙaramin aiki ba ne. Matsalar ita ce an mai da su su kaɗai ne shaida. Duk abin da jaruma ta yi da ido, da hannu, da jinkirin amsa, sai ya wuce kamar ba a yi komai ba.

A koma kan Satima a ga abin da ke cikin wannan "ba komai". Zaɓi na farko shi ne hannunta bai tsaya ba. Da ta dakata da wanke kan, da ta amince cewa zuwan baƙon ya isa ya tsayar da rayuwar gidan. Zaɓi na biyu, ba ta ba shi idonta yadda yake so ba. Na uku, muryarta ba ta hau ba, ba ta kuma yi rawa ba. Mai kallo ya san tana jin tsoro, don maƙwabtansu duk sun tashi, kuma ita da kanta ta nuna wa mijinta damuwarta kan zaman da suke yi su kaɗai. Amma ƴarta na zaune a wurin. Uwa ba ta bari ɗiyarta ta ga tsoronta a gaban baƙo. Babu wanda ya faɗi wannan da baki a cikin fim ɗin, a zamanta ake karanta shi.

Haka kuma lokacin da masunci Amadou ya kashe saniyar gidan, wadda suke kira GPS, saboda ta shiga cikin tarunsa. Kidane ya tashi zai je wurinsa da ƙaramar bindiga. Satima ta nuna masa ya bar makamin, ya je da magana. Ba ta riƙe masa riga ba, ba ta yi birgima a ƙasa ba. Ta faɗa, ya ƙi ji, ta bi shi da kallo. Kallon nan na matar da ta san halin mijinta ne, ta kuma san cewa yawan magana ba zai juyo da shi ba. Daga baya aka kashe masuncin cikin kokawa, aka nemi diyyar shanu 40 daga mutumin da bai da ko goma, aka yanke masa hukuncin kisa. Da Satima ta zo wurin a bayan babur ta ruga gare shi, gudun nata ya girgiza mai kallo ne saboda tun farkon fim ɗin ba a taɓa ganin ta yi gaggawa ba. Ta adana ƙarfinta har zuwa inda ake bukatarsa. Mawaƙiya ta san wannan: wanda ya fara waƙa da ƙarshen muryarsa ba shi da inda zai hau.

Abin mamaki shi ne, babu mutanen da ya kamata su fi gane irin wannan wasa kamar mutanen ƙasar Hausa. Rayuwar gidajensu cike take da shi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ɗokinsa a gaban mutane. Yaron da ya shekara biyar a Libiya ko Abijan ya dawo gida, uwarsa ba ta tashi ta rungume shi ba. Ta amsa gaisuwarsa a taƙaice, ta ce a kawo masa ruwa, amma kwanon da ke hannunta sai da ta ajiye shi don hannun na rawa. Duk ɗan ci-rani ya san wannan tarba, ya kuma san abin da ke ƙarƙashinta. Matar da aka yi wa kishiya tana iya yi wa amarya sannu da zuwa da fara'a, sai dai yadda ta ajiye tiren abinci ya gaya wa duk matan gidan abin da ke ranta. Kunya, kawaici da kara su ne harshen da ake magana da shi a tsakar gida. Jarumar da ta iya wannan harshe ta fi kusa da gaskiyar rayuwa fiye da wadda ke ihu a kowace fitowa. Amma mutumin da ke karanta fuskar mahaifiyarsa cikin daƙiƙa guda, in ya ɗauki waya sai ya jira a yi masa kururuwa kafin ya yarda an ji ciwo.

Wani zai ce wannan gardamar masu ƙoshi ce, kallo ai nishaɗi ne. Sai dai rashin ganin aikin jaruma yana da farashi, kuma mata ne ke biyansa. Wanda bai ga cewa zaɓi ake yi a gaban kyamara ba, zai ɗauka halin matar ne kawai yake gani. Nijar ta riga ta ga inda wannan ke kaiwa. Zalika Souley, wadda aka haifa a Yamai a 1947, ta fara fitowa a fim ɗin Moustapha Alassane mai suna Le Retour d'un aventurier a 1966. Ta fito a finafinan Oumarou Ganda, ciki har da Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar Etalon de Yennenga ta farko a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Sau da yawa rawar fitinanniyar mace ake ba ta, ta kuma yi ta da kyau har jama'a da dama suka kasa raba ta da matan da take kwaikwayo. Ƙwarewarta ta zame mata abin zargi. Fim ɗin da Rahmatou Keïta ta yi kan rayuwarta, Al'lèèssi, ya nuna ta a wani ƙaramin gida a Yamai da ko famfo babu. Ta rasu a watan Yulin 2021.

A Kano ma haka. Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, ta shafe shekaru tana fitowa a matsayin masifaffiyar uwar miji ko muguwar kishiya. Da ta rasu a watan Afrilun 2024, abokan aikinta sun yi ta ba da shaidar barkwancinta da son mutane. Nisan da ke tsakanin matar da suka sani da matar da ake gani a fim, shi ne aikinta. Wanda ya ce "ai haka take" ya share wannan aiki gaba ɗaya.

Farashi na biyu na aljihu ne. Furodusa yana sayen abin da masu kallo ke yabo. In yabo ya tsaya kan fuska da kwalliya, to sabuwar fuska za a nema kowace shekara, a mai da matan da suka yi shekara ashirin suna koyon sana'ar zuwa iyayen da ke fitowa sau biyu su yi nasiha su tafi. A 2022, hirar da dattijuwa Ladin Cima ta yi da BBC Hausa, inda ta koka kan ƴan kuɗin da ake sallamarta da su, ta tayar da ƙura a Kannywood, wasu masu shirya fim suka musanta. Ko ma wane ne ke da gaskiya a kan lissafin, tambayar da ta rage ita ce me ya sa gogewar irin waɗannan mata ba ta da daraja a kasuwa. Amsar tana komawa ga abin da mai kallo ke lura da shi. Ko hirar da ake yi da jarumai mata ta nuna haka: yaushe za ki yi aure, wa kike so, me ya haɗa ki da wance. Da wuya a tambayi jaruma dalilin da ya sa ta yi shiru a wuri kaza maimakon ta yi kuka.

Akwai hujjar da masu shirya fim za su kawo, kuma tana da nauyi. Sissako ya samu kuɗi da lokaci da ƙwararrun ma'aikata, ya ɗauki fim ɗinsa a Walata ta Muritaniya. Mai shirya shiri mai dogon zango da dole ya saki sabon kashi kowane mako a YouTube ba shi da wannan sukuni. Ana ɗaukar fitowa da yawa a yini guda, wani lokaci jaruma ba ta ga rubutun ba sai a wurin aiki. Cikin irin wannan gaggawa, kuka da faɗa su ne hanya mafi sauri ta isar da saƙo. Gaskiya ne. Amma shiru ba ya cin ko dala. Abin da yake bukata shi ne darakta ya bar kyamara a kan fuskar jaruma daƙiƙa uku bayan ta gama magana, mai tace hoto kada ya yanke, kuma kada a danne wurin da kiɗan tausayi. Ƙaramin allon waya ma ya fi dacewa da fuska fiye da taron jama'a. Mai kallo a ɗakin haya a Tamanraset ko Agadas, da abin ji a kunne, ya fi wanda ke bayan sinima kusa da idon jaruma.

Wani kuma zai ce ai aikin darakta ne, shi ya ce mata ta yi haka. Darakta yana da rabonsa, babu shakka. Zai iya cewa kada ki ɗaga murya. Ba zai iya saka wa mace abin da zai cika shirun ba. A sa mutum goma su zauna su yi shiru a gaban kyamara, tara za su fito kamar masu jiran mota a tasha. Ta goman ce za a ga tana tunani, kuma ita ce jaruma.

Gyaran ba sai an jira gwamnati ko wata hukumar fim ba. Yana hannun mai waya. In fitowa ta taɓa mutum, ya mayar da ita baya, ya kashe sauti, ya sake kallo. Ya duba wadda ake yi wa magana, don sau da yawa wasan yana wurin mai saurare. Ya duba hannu: me take riƙe da shi, yaushe ta ajiye. Ya lura da tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta amsa. In ya ga abin da ya burge shi, ya faɗe shi da sunansa a inda ake yabo, maimakon "kin yi kyau" da ake rubutawa sau dubu. Masu shirya fim suna karanta abin da jama'a ke rubutawa, da shi suke yanke shawarar wadda za su kira gobe da kuma nawa za su ba ta.

Masu ba da kyaututtuka da ƴan jarida su ma da nasu. Gajeren bidiyon da ake yankowa don tallar jaruma kusan kullum wurin kuka ne ko wurin mari. A gwada yanko wurin da ta ji labari ta ci gaba da tankaɗen garinta. Timbuktu na nan ga mai son gwaji, ya nemi fitowar wanke kai ya kalle ta sau biyu. A karo na farko zai ga mace ta ƙi bin umarni. A karo na biyu zai ga yadda Toulou Kiki ta yi hakan ba tare da ta tashi daga inda take zaune ba.